Ƙafar da Sale Ya Yi wa Dariya

Salamu alaikum. Na daɗe ban ce uffan a nan ba, har wasu sun ɗauka na mutu. Da sauran shan ruwana.

Tun da rashin tsaro ya raba mu da gonarmu a Darini muka dawo Batsari, aikina ɗaya: zaman majalisa a bakin tasha. Shayi, gardama, tuwo, barci. Ko masallaci a babur nake zuwa, kada a ce Lawal ya tsiyace yana taka ƙasa.

Ciwon kai ya fara, na ce rana ce. Wata safiya ina alwala buta ta suɓuce mini, bakina ya karkace.

A asibiti likita ya ce hawan jini ne ya shanye mini ɓarin hagu. Raguna biyu suka tafi a magani da hoton kai. Na ji tsoro, wallahi. Matata ke ɗaga ni zuwa bayi.

Ma'aikacin asibiti mai gasa mini ƙafa ya tambayi sana'ata. Na ce babu.

"Da can fa?"

Na ce noma.

"To har yanzu manomi ne kai, Baba. Tashi ka taka, kullum."

Na fara da sanda, ina jan ƙafa. Hanyar kuwa ta gaban majalisarmu ta bi.

Sale, abokina tun muna kiwo, ya miƙe yana kwaikwayon tafiyata. Ya ce, "Ga agwagwar Darini. Lawal, koma gida ka jira ranarka, ka daina ba mu kunya." Aka kwashe da dariya. Na je gida na yi kuka.

Matata ta ce, "Gobe ma ta gabansu za ka bi."

Na bi. Na yi ta bi har na yar da sandar. Na ce wa Sale ya zo mu riƙa takawa tare, a gwada jininsa. Ya ce shi ba gurgu ba ne.

Bayan babbar salla ya faɗi a kan bencin majalisarmu. Bai kai asibiti ba.

Na gode wa Allah, na gode wa matata da ma'aikatan asibiti. Ku je a gwada jininku, ku sha magani, ku ajiye babur ku taka zuwa masallaci ko kasuwa, a yi ta dariya.

Ranar jana'izar Sale na kama makara tun daga ƙofar gidansa. Ana miƙo hannu a karɓe ni, ina ƙi. Da ƙafar nan na kai shi maƙabarta. Allah ya jiƙansa.