Gatarin Babana da Gawar Ɗan Koli

Ranar wata Talata ce, kwana huɗu bayan Babbar Salla, a shekarar da na cika tara a duniya, lokacin Turawa suna nan ba su tafi ba. Hantsi ya ɗaga, ina tsugune a tsakar gidanmu na Dogon Dawa ina fere sabuwar doya, Inna tana surfe, Baba kuma yana bakin rumbu yana gyaran ƙotar fartanya, sai muka ji sallama da wata murya da ba mu saba ji ba. Baba ya karkaɗe hannu ya fita, ni kuma da yake ban iya ganin abu in kau da kai ba, na lallaɓa na leƙa ta jikin zana. Ɗan doka na gani, gajere mai tumbi, da jar dara a kansa da igiya a kafaɗa, mai unguwa yana bayansa yana kallon ƙasa. Ɗan dokan ya warware wani abu da aka naɗe cikin ganye, ya ce, "Malam Tanko, wannan gatarin naka ne?" Baba ya dube shi sau ɗaya ya ce nasa ne. Bai tambayi dalili ba, sai da igiya ta hau hannunsa. Da ya hango ni, abin da ya ce kawai shi ne in gaya wa Inna a kwance akuyoyi kafin rana ta yi zafi.

Kafin azahar duk gari ya san abin da ya faru. An tsinci gawar Malam Isa ɗan koli a kan hanyar daji, kusa da rafin da ke bayan gonarmu, an sare shi a ƙeya, gatarin Baba yana gefensa, adudun kayansa kuwa babu shi babu labarinsa. Ba yaron da bai san Malam Isa ba. Daga arewa yake zuwa da ƙafa sau biyu ko uku a shekara, da ƙaton adudu a kansa lulluɓe da jan ƙyalle. In ya sauke a gindin tsamiyar kasuwa mukan yanyame shi, mu yi ta kallon allurai da kwalli da duwatsun wuya da ƙananan madubai. Ba ya korar yara. Yakan bar mu mu duba fuskarmu a madubi bi da bi, yana cewa, "A duba a ajiye, kyau ba ya ƙaruwa da daɗewa." Na yi masa kuka na gaske a ranar, kafin in gane cewa kukan gidanmu ne ya fi girma.

Babana Bagwari ne. Yana saurayi ya zo garin, ya auri Inna wadda take Bahaushiya, ya zauna. Noman doya shi ne aikinsa, kuma ban ga wanda ya kai shi iya tayar da kunya ba. Gonarsa tana can bakin daji, da 'yar bukka inda yake barin fartanya da gatari su kwana, kamar yadda kowane manomi yake yi, don a lokacin ba wanda yake tunanin a ɗauki kayan aikin wani. Ni nake kai masa abinci da rana. In na isa sai in zauna a inuwa ina korar birai da gwangwani, a hanyar dawowa kuma mu tsaya da ƙawayena mu tsinci kaɗanya, mu sha ta har bakinmu ya yi danƙo, mu kai wa iyayenmu ƙwallon. Da yamma akwai ɗebo ruwa a rafi, da share garken awaki, da makarantar allo, sannan in an samu sarari a yi carafke a ƙofar gida. Abu guda ne yake ɓata mini rai a duk wannan. Baba ya koyi Hausa har ya fi wasu Hausawan, ya yi karatu daidai gwargwado, amma bai taɓa ɗora kaya a kansa ba. Ko doya ce ko itace, a kafaɗa yake ɗauka irin na mutanensa, ya ɗan sunkuyo yana tafiya. In an tsokane shi yakan yi murmushi ya ce, "Kai yana ɗauke da tunani, wannan ya ishe shi." Yara kuwa suka samu abin yi, suna kira na 'yar mai kaya a wuya. Ina jin kunyar faɗa yanzu, amma in mun taso daga gona tare nakan ja da baya, don kada a gan mu a jere.

Aka tafi da Baba Birnin Gwari, wanda yanzu ake kira Tsohon Birni, aka tsare shi. Maganar da ta iso mana ita ce, in ba a samu wani bayani ba, za a wuce da shi Zariya, kuma wanda aka kai can a kan kisan kai ba a sa ran dawowarsa. Gidanmu ya yi tsit. Matan da suke shigowa ɗiban wuta da safe suka koma gidan gaba. Ƙawayena suka daina biyo mini zuwa rafi, ba don mugunta ba, an dai hana su ne. Inna ba ta yi kuka a gabanmu ba, sai dai kullum ta zuba tuwon Baba a akushinsa ta rufe, da safe ta ɗumama mana shi. Da matar Malam Isa ta iso da ɗan ƙaramin yaro a goye, aka sauke ta gidan mai unguwa, Inna ta dafa doya ta aika mata. Aka dawo da ƙwaryar ba a ko buɗe ba. Inna ta karɓa ta ce, "Ba laifinta."

Da na girma na zama malamar makaranta, na kamu da son littattafan nan na masu bincike, waɗanda za ka ga mutum biyu sun haɗa kai suna farautar mai kisa, ɗaya mai kaifin ƙwaƙwalwa, ɗaya mai yawan tambaya. Na karanta su har idona ya fara gajiya, amma ban taɓa cin karo da biyun da suka kai namu ban dariya ba. Na farko shi ne ɗan dokan nan da ya ɗaure Baba, Kofur Audu, tsohon soja, mai surutu kamar an kunna shi, wanda ya tsani tafiyar ƙasa kuma ba ya wuce mai fura bai tsaya ba. Na biyu Jatau maharbi, dogon tsoho siriri, wanda in ya yi maka magana uku a wuni to ranar yana cikin nishaɗi. Ba jituwa suke yi ba. Kofur yana kiransa Kurma, shi kuma yana kiran Kofur Tulu. Abin da ya haɗa su shi ne, hankalin Kofur bai kwanta ba. Ya sha faɗa daga baya cewa tunda yake bai taɓa ganin mai kisan da ya bar gatarinsa a gefen gawa, sannan ya amsa cewa nasa ne tun ba a gama tambaya ba. Shi ba ya gane komai a ƙasa in ba kwabo ya faɗi ba, don haka ya je har bukkar Jatau ya roƙe shi.

Sauran labarin daga bakin Kofur na ji shi, kuma na ji shi ya fi sau ashirin, kowane karo dajin yana ƙara faɗi macizai suna ƙara tsawo. Abin da bai taɓa canzawa ba shi zan faɗa. Da Jatau ya yarda suka je, sun tarar mutane sun tattake wurin da aka tsinci gawar, ba sauran sawu. Jatau bai ko tsaya a nan ba. Ya yi ta kewaye yana faɗaɗa zagaye, Kofur yana binsa yana haki yana tsine wa ƙudan tsando, har ya samu inda mutum ɗaya ya bar hanya ya kutsa daji da kaya mai nauyi, don dugadugansa sun nutse a laka. Suka bi. Can gaba, a wata sarƙaƙiya, Jatau ya daina kallon ƙasa ya ɗaga kai. Jan zare ne irin na ƙyallen adudun, maƙale a jikin ƙaya, sama da tsayin mutum, har sai da ya miƙa hannu ya ciro shi. Da suka ƙara gaba zuwa gindin wata ɗorawa inda mai kayan ya sauke ya huta, sai ga gammo a yashe, na ganyen kalgo, an naɗe shi tsaf an ɗaure da ɓawo, ganyen ko gama bushewa bai yi ba. Na Malam Isa na tsumma ne, kuma an same shi tare da gawarsa. Jatau ya ɗauki gammon ya juya shi, ya miƙa wa Kofur, ya yi maganarsa ta farko a wunin: "Tanko ba ya ɗauka a ka."

Ranar da aka zauna a gaban alƙali, ni da Inna muna can baya cikin mata, mun yi sammako da ƙafa. Aka fito da Baba ya rame, idanunsa sun faɗa. Kofur ya ajiye gammon da zaren, ya yi bayani mai tsawo har da abin da ba a tambaye shi ba. Alƙali ya saurara, sannan ya ce mai wayo yana iya ɗora kaya a ka ranar guda don ya ɓad da sawu. Sai ya sa aka kawo buhun dawa da ganye, aka ce Baba ya naɗa gammo ya ɗauka. Baba ya ɗauki ganyen. Ya murɗa shi ya warware, ya sake murɗawa, abin da ya fito ko tulun wasan yara ba zai zauna a kai ba. Aka ɗora masa buhun. Taku uku ya yi wuyansa yana rawa, buhun ya zame ya faɗi. Mutane suka fashe da dariya, har dogarawa. Ni ban yi dariya ba. Na ga fuskarsa sa'ad da buhun ya taɓa kansa, ya runtse ido kamar an mare shi a bainar jama'a, sai na fara kuka ban san lokacin da na fara ba. Kofur ya zo ya janye wuyan rigar Baba, ya nuna wa alƙali kantar da ke kafaɗarsa, baƙa, mai tauri kamar tafin ƙafa. Alƙali ya ce a dakata da maganar Zariya, amma ba zai saki mutum ba sai an san inda adudun ya shiga.

A nan surutun Kofur ya yi rana. Sawun ya ɓace a kan wani falalen dutse, amma ya nufi yamma, wajen da baƙin leburori suke haƙar zinariya. Kofur ya tuɓe jar dararsa, ya je ya zauna wajen masu tallar abinci a bakin sansanin, ya yi ta shan fura yana zuba, yana yabon wannan yana tsokanar waccan. A wuni na biyu wata yarinya mai ƙosai ta ciro ɗan madubi daga ɗaurin zanenta tana gyara kwalli. Ya tambaye ta cikin wasa wane mai rabo ne yake irin wannan kyauta, ita kuwa ta nuna shi tana rufe fuska. Wani baƙo ne da ya taɓa yin dako, tsakiyar kansa har ta goge saboda kaya. A cikin ramin da ya daina haƙa aka sami adudun, da jan ƙyallensa. Da aka kama baƙon, ya ce ya ga gatarin a bukka ne ya ɗauka, bai ma san mai shi ba. Wannan maganar ta daɗe tana damuna, cewa wanda ya kusa hallaka Baba ko sunansa bai sani ba.

Kwana goma sha ɗaya Baba ya yi a tsare. Da la'asar ya shigo gida, ya zauna a bakin rumbu, ya ce a ba shi ruwa. Inna ta kawo, ta durƙusa ta miƙa, sai a sannan ta yi kukan da ta riƙe, har ruwan ya zube aka sake ɗebowa. Da yamma matar Malam Isa ta yi sallama. Ta tsaya a tsakar gida. Baba ne ya fara magana, ya yi mata ta'aziyya, ya ce mijinta mutumin kirki ne, ya sa aka ɗaure mata doya ta guzuri. Washegari na bi shi gona, kuma da za mu dawo a gefensa na tafi har cikin gari.

Kofur da Jatau sun daɗe da rasuwa, Baba da Inna ma haka. Ban ce zamanin nan ya fi namu komai ba, don mun sha wahalarsa, kuma na ga yadda igiya take saurin hawa hannun talaka. Amma dajin da nake ratsawa ni kaɗai da ƙwaryar abinci a kai, yau saboda 'yan bindiga jikokina ba su san hanyarsa ba, gonar Baba ta koma kurmi. Sau da yawa akan ɗauko mutum daga can an kashe shi, a yi masa salla, a watse, ba wanda yake da halin komawa ya tsuguna ya duba ƙasa. A irin wannan rana nakan tuna tsofaffin nan biyu suna tafe suna faɗa da juna cikin sarƙaƙiya. Malam Isa ɗan koli ne kawai, baƙo, ba shi da kowa a garinmu, amma sai da aka san wanda ya kashe shi.