Hannun da Ya Tare Talge

Rana ba ta taɓa riga Baiwa zuwa bakin murhu ba. Tun ba a daɗe da jihadi ba take tuƙa tuwon gayya a Toranke, yau shekara arba'in. Za ta kafa tukunya, ta gyara itace, ta karkata kunne tana sauraren talge. Bana ƙarfi ya ƙare, ta ajiye muciya, kuma wallahi ba za mu yi shiru ba.

Karatunta ɗaya ne, kowace mace a garin nan ta sha shi. "Idan talge ya yi tsululu, iska na samun hanyar fita, sai ya yi ta ɓararraka lafiya lau. Idan ya yi kauri, ya riƙe iskar ke nan, kuma duk sa'ad da ta ƙwace, fuska take nema."

Da Alhaji Hadi na Gaya ya dawo daga Makka a ƙafa, ya zo da labarin da ya ji a hanya, wai akwai duwatsu masu aman wuta, wani amansa ya malalo a hankali, wani ya tarwatse. Maza suka yi ta salati. Da labarin ya shigo cikin gida, Baiwa cewa ta yi, "Kauri ne. Talgen Ubangiji ke nan."

Mu dai mun ga abin da ya koya mata. Shekaru da yawa baya, ran wata gayya, Larai matar Barau, don sauri, ta zabga gari, ta rufe tukunya da faifai, ta juya baya, ga jaririyarta Barira a goye, fuskarta daidai bakin tukunya. Baiwa ta ji tukunya ta yi tsit. "Larai, matsa!" Ina, babu lokaci. Ta tsallako, ta kare yarinyar da hannunta, faifai ya yi sama, talge ya wanke Baiwa daga yatsu har kafaɗa.

Ke ce ba ki zagi Larai ba, Baiwa. Ke ce kika yi wata uku kina jinya, yatsu biyu suka ƙanƙance har yau, kuma tambayarki ta farko ita ce, "Idon yarinyar fa?"

Mun gode, Iya, Allah ya saka miki da Aljanna. Mata, ku koyi sauraren tukunya irin nata. Jiya Barira ta karɓi muciyar, tana kuka da idanun nan biyu da kika tsare mata.