Jan Fenti a Bangon Mai Fito

Gari na wayewa, kafin masu wanki su sauko da kwanduna, Baba Sauka ya riga ya tsuguna cikin kwale-kwalensa yana kwashe ruwan da ya tsattsafo da wani tsohon gwangwani. In ya gama sai ya bi katakon da tafin hannu, inda ya ji ɓaraka ya cusa tsumma ya liƙe da kwalta. Sannan ya miƙe ya tsura wa kogin ido. Ko gaisuwa ba ya amsawa sai ya gama wannan kallo. Haka yake tun gemunsa na baƙi, haka ya yi yau da safe, ko da yake garin ya ce ya gama da shi.

Baƙo ba zai gane matsayin mai fito a nan ba sai ya san yadda garin ya kwanta. Kogi ne ya tsaga shi biyu. Kakanni a kan tudun ƙetare suka fara kafa bukkoki. Da titi ya biyo ta wannan gefen, kasuwa ta bi titi, mutane suka bi kasuwa, makaranta da asibiti suka biyo baya. Amma gona ba ta ƙaura, kabari ma ba ya tashi. Rayayyu suka tare a nan, abincinsu da mamatansu suna can, kuma tsakanin nan da can babu komai sai katakon tsohon nan da doguwar gorarsa.

Sunansa na yanka ya ɓace tun tuni, aikinsa ne ya raɗa masa wani. Idan jirgi ya cika, Baba ba ya duban fuskoki, gefen katako yake duba. In ruwa ya haura inda ransa ya yarda, sai ya nuna na ƙarshen shiga ya ce, "Kai, sauka." Ko wane ne. Mahaucin bakin kasuwa har gobe yana ba da labarin ranar da aka sauke shi da bunsurunsa.

"Na ce, Baba, ni da ɗan akuyan nan nawa muke? Ya ce, ɗan akuyan ya zauna, kai ne matsalar."

Yanzu abin dariya ne. A lokacin kuwa zagi yake sha. An ce masa mugu, an ce masa mai taurin kai, an ce yana jin kogin gadon ubansa ne. Ranar jana'izar wani attajiri, ruwa ya kawo iya wuya, 'ya'yan mamaci suka dage sai duk sun shiga tare da makara. Baba ya kafa gorarsa ya ce gawa da mutum kaɗan, saura su jira sawu na biyu. Babban ɗan ya ɗauke shi da mari a gaban jama'a. Masu wanki sun gani, liman ya gani. Baba bai rama ba, bai kuma ƙara ko mutum ɗaya ba. Ya tuƙa uban wanda ya mare shi har tudu, ya dawo ya ɗauki mai marin.

Kai ne, Baba, wanda ya yarda a tsane shi don kada a yi makoki biyu a gida ɗaya. Kai ne ka ɗauki mai naƙuda daga gona ungozoma na riƙe da kanta, ka tura kwale-kwalen can sama da mashigi don ruwa ya sauko da ku daidai gaɓar asibiti. Tsawon shekarun nan kogin ya ci shanu, ya ci masu taurin kan da suka ce za su iya iyo, amma bai taɓa ƙwace mutum daga jirginka ba. Sai dai wanda bai nutse ba ba ya sanin an cece shi. Abin da yake tunawa kawai an sauke shi.

Bana aka gama gada. Madalla, ba wanda ya ƙi gada, Baba ma cewa ya yi gwiwoyinsa sun gode. Amma ranar buɗewa, ma'aikatan hukumar gari suka ja kwale-kwalensa suka cusa bayan ciyayi, wai kada manyan baƙi su ga tarkace. Tarkace. An gode wa ɗan kwangila, an gode wa mai lasifika, har wanda ya ba da aron kujeru an ambata. Tsohon yana tsaye can baya da wankakkiyar rigarsa, ya tafa tare da kowa, ya koma gida.

Da abin ya tsaya nan, da sai a ce mantuwa ce. Kwanan baya wani ma'aikacin hukuma ya sauko da bokitin jan fenti ya zana alama a bangon ɗakin Baba, ɗakin da ke bakin mashigi, inda ya aurar da 'ya'yansa, inda matarsa ke daka a gindin bishiya. Za a rushe, a yi tashar mota. Matar ce ta fito da taɓarya a hannu.

"Ɗan nan, bangon wa kake wa kwalliya?"

"Inna, aiko ni aka yi. Sun ce filin na hukuma ne."

"Na hukuma? Da ambaliya ta cinye shi muka cike da kanmu, hukuma tana ina? Ɗago ka dube ni. Ba uwarka ce aka kwaso daga gona tana naƙudarka ba? Saura ƙiris a wannan jirgin a yanke maka cibiya."

Mutumin ya sunkuyar da kai. "Na sani, Inna."

"Ka sani, shi ne hannunka bai yi rawa ba. To gyara wancan gefen, ya karkace."

Baba na zaune bisa turmi yana ɗaure kan gora. Abin da ya ce kawai, "Ƙyale shi, ke. Shi ma wani ne ya loda masa."

Wannan haƙurin naka ne ke ƙona rai, Baba. Ba ka nemi lambar yabo ba, ba ka nemi a sa wa gada sunanka ba. Ɗaki guda kake so ka ƙarasa kwanakinka a ciki, inda za ka riƙa jin motsin ruwan da ka sani. Garin da ka yi wa dakon rai da gawa ya ci moriyar ganga, yanzu yana neman inda zai yar da kwaurenta. Ga fili fetal a ɗaya gefen gadar, ba kowa sai ƙaya, amma an ce can ya yi wa direbobi nisa. Shi tsohon da ba ya iya hawa tudu sai ya huta, ina ne bai yi masa nisa ba?

Mun gode, mai fito. Allah Ya saka, Ya ba garin nan masu iya cewa a'a irinka, a asibiti da makaranta da kujerun hukuma, waɗanda za su gwammace a zage su da a yi asara.

Ku kuma mutanen gari, majalisa za ta zauna kan maganar tashar a makon gobe, kuma ƙofar zauren a buɗe take. Duk gidan da ke da mamaci a kan tudun can, ya san wanda ya kai shi. Kowane gida ya tura mutum guda ya je ya tsaya, ko bai iya magana ba, tsayuwar ta isa. In kuwa kuka zauna har motar rusau ta sauko mashigi, to don Allah kada kowa ya je wa tsohon nan jaje. Ku bar shi ya kwashe kwanukansa ba tare da ya ga fuskokinku ba.