San da Labbo Ya Ɓoye a Bayan Rumbu

Cikin duk shekarun da na yi ina aikin malamin dabbobi tsakanin Isa da Sabon Birni, ranar da ba ta fita raina ita ce wadda Ibra ya shigo ofishinmu neman maganin sa, amma ya ƙi faɗin inda san yake. Ku da kuka fara aiki kwanan nan ku saurara, don irinta za ta same ku.

Lokacin girbi ne, ana tsakiyar yankan dawa. Ni mataimaki ne a lokacin. Mu ke zagaya ƙauyuka da kasuwar shanu, mu yi rigakafi, mu duba dabba kafin a yanka. Abin da ya fi ƙarfinmu sai mu kai wa likita, wanda shi ke sama da mu, shi kuma ke da ikon cewa a killace garke. Amma a ƙauye duk mai riƙe da sirinji likita ne.

Ibra manomi ne daga Tsamaye, na san shi. Ya zauna yana ta murza hularsa.

Ya ce, "Likita, san wani abokina na ba ya lahiya. Miyau shikai, ba shi ci, ba shi sha, in ya tashi sai tangaɗi. A ba ni allura in kai mishi."

Na ce ba na ba da maganin dabbar da ban gani ba. Ya ce abokin nesa yake. Na ce ina da babur. Ya ce abokin ba ya son baƙi. Nan na fara hasala. Na ce, "Ibra, kai da abokin nan uwarku ɗaya ko?" Sai ya sunkuyar da kai. San wansa ne, Labbo.

Da ƙyar na ciro labarin. Wani maƙwabcinsu mai kai kaya Nijar ya ji a rediyo ana zancen haukan shanu na ƙasar Turai, ya kawo zancen majalisa. An ce cutar na kama shanun da aka ciyar da garin ƙashi da na nama, kuma in ta ɓulla a gida, hukuma na kashe duk shanun gidan ta ƙone. To Labbo mai kiwon turke ne, kuma ya daɗe yana zuba abincin kaji cikin dusa don san ya yi saurin ƙiba, ga shi an ce akwai garin ƙashi a abincin kaji. Da san ya fara tangaɗi, sai Labbo ya ce shi ke nan, shi ya jawo da hannunsa. Ya ja shi bayan rumbu ya kewaye da zana. Waɗanda suka leƙa kowa da tasa: wannan ya ce iska ce, wancan ya ce maganin feshin ciyawa ne, wani ya ce leda ya ci.

Bari in yi muku bayani a nan. Cutar gaskiya ce, kuma dalilin da aka faɗa a rediyo shi ne dalilinta, shi ya sa har gobe nake hana mutane bai wa shanu abincin kaji. Amma a hankali take cin dabba, sai ta yi shekaru a jiki kafin ta nuna, in ta nuna kuma dabbar ta daɗe tana ramewa. Ni dai ban taɓa ganinta a aikina ba. San da yake lafiya lau makon jiya, yau yana dalala, wani abu daban na fara zargi.

Na goya Ibra muka tafi. Labbo ya tare mu a ƙofar gida, dattijo ne dogo mai kafiya, ya harari ƙanensa kamar ya kawo masa ɓarawo. Na lallashe shi har ya ɗage zanar. San na tsaye yana yunƙuri kamar mai son kashi, miyau na zuba har ƙasa, yana wani kuka a shaƙe, ba irin kukan sa ba. Ga ruwa a gabansa, ya kai baki ya kasa haɗiya.

Na ce, "Malam Labbo, kare ya taɓa cizonsa?"

Ya ce a'a. Sai matarsa Hajo ta amsa daga bayan danga, "Ya cije shi, Likita. Tun damina, ga leɓe. Wani baƙon kare na, yara sunka kashe shi."

Labbo ya ce ai wannan ya warke tuni. Na ce wa ya taɓa bakin san? Ya ce shi. Da farko ya ɗauka ƙwallon goruba ne ya maƙale masa, ya zura hannu har gwiwa yana lalube, ba sau ɗaya ba. Na ce ya miƙo hannun. Wayyo! Duk yankan karan dawa ne, wasu ma ba su bushe ba.

Na ce, "Wannan ba haukan shanun Turai ba ne. Alamun haukan kare ne."

Kun san abin da mutumin nan ya yi? Ya ɗaga hannu sama ya ce, "Alhamdu lillahi! Ashe na kare na kawai. Ibra, kira mahauci a yanka shi tun bai zama mushe ba."

Wallahi ban san lokacin da na daka masa tsawa ba, dattijon da ya girme ni nesa ba kusa ba. Na ce babu mahaucin da zai taɓa san nan. Na ce, "Miyan da ya shiga ciwon hannunka shi ke ɗauke da cutar. In ta nuna a jikin mutum babu magani, sai likkafani. Yanzu kaɗai allura za ta yi maka amfani." Na sa Hajo ta kawo sabulu da ruwa, na tsaya a kansa ya yi ta wanke hannun har ya gaji.

Na koma gefe na buga wa likita waya. Ya ce, "Kada kowa ya kusanci san, gobe ina tafe. Mutumin fa?" Na ce, "Yallaɓai, za ni kai shi asibiti yanzu, in ya yarda." Ya ce, "Ko bai yarda ba."

Bai yarda ɗin ba. Dawarsa na zube a gona, shi lafiyarsa lau, me zai kai shi asibiti? Hajo ce ta gama maganar. Ta fito ta ɗauko takalmansa ta ajiye a gabansa, ta ce, "Dawa Ibra shi kwashe. Ni ba ni yin takaba kan sa." Ya hau babur ɗin yana ƙunƙuni har muka isa.

Washegari likita ya tarar san ya mutu. Muka sa safar hannu muka cire kan, aka sa cikin ƙanƙara aka aika ɗakin gwaji, sauran muka binne a rami mai zurfi. Sakamako ya dawo, haukan kare ne. Allurar mutum ba ta sau ɗaya ba ce, sai an yi ta komawa, don haka duk ranar allura ni ke zuwa Tsamaye in ɗauko Labbo, don na san in na bar shi ba zai je ba.

Ranar ta ƙarshe, muna fitowa daga asibiti, ya riƙe hannun rigata ya rage murya ya ce, "To Likita, tsakaninka da Allah, sauran shanuna ba a ƙone su?" Ashe duk kwanakin nan abin da ke cin ransa ke nan. Na rantse masa babu mai taɓa su. Sai a lokacin na ga ya yi dariya.

Labbo na nan da ransa, yana kiwonsa, ya daina zuba abincin kaji. Mutanenmu suna jin rediyo kuma suna riƙe abin da suka ji, ba jahilci ne ya sa shi ɓoye san ba, tsoronmu ne, mu ma'aikata. Tsoron cutar da ke wata ƙasa ya kusa sa ta cikin gidansa ta kashe shi. Shi ya sa in na shiga gida na ga ana ɓoye mini dabba mai miyau, kafin in dubi dabbar, hannun mai ita nake fara cewa a nuna mini.