Ledar Murfin Tanki

Shekara goma sha huɗu Dogo yana haya da babur ɗaya, ja, wanda ya koɗe har ya koma ruwan ƙasa. Da shi ya aurar da ƙannensa biyu, kuma bai taɓa bari an tura shi ba.

Ran nan bayan ruwan sama, babur ɗin ya mutu a bakin tasha. Dogo ya yi ta buga kik har gumi ya jiƙa masa riga.

"Ba shi haƙuri, Yaya, ya girme ka!" in ji wani ɗan haya.

"Shayi yake so," wani ya ce. "Hau mu tura."

Dogo ya harare su. "Duk wanda ya taɓa shi, ni da shi ne."

Ya duba fulogi, lafiya lau. Da ya buɗe tanki sai ya gane: ledar da ya sa ƙarƙashin murfi don tare ruwa ce ta toshe kafar iska, mai ya daina sauka. Ya fizge ta. Bugu ɗaya babur ya tashi.

"Laifina ne, ba nasa ba," ya ce. "Ku adana ƙarfinku, gobe naku za ku tura."