Saniya mai ido ɗaya

Asubar fari muka bar Magariya a amalanke, ni da ƙanen mijina, muka nufi Yekuwa. Saƙo ne ya zo cewa saniyata ba lafiya. Bayan farin da ya cinye dabbobin mutane na ba wata Bafillatana ita riƙo, a kan 'yan maruƙan da saniyar za ta haifa nata ne, ta sake kafa garke. Saniyar kuwa ciki gare ta.

Hanya yashi ne zalla, shanun amalanke na tafiya kamar an aike su gidan surukai. Gero ya yi kyau bana, wake ma haka. A wata rijiya muka sha fura ta dala biyu, mai furar ta ƙara mana nono don ta ji inda za mu.

A ruga na tarar da abin da ya fi tsorona. Tsiro ya fito wa shanu da dama, na sauran ya bushe ya zube, na tawa ya zama gyambo a ido, yana ci gaba. Mahauci har ya zo ya tsuguna, yana yi mata kallon tukunya. Na ce ya tashi.

Muka kora ta Dungas, inda likitan dabbobi ke rigakafi. Yaro ne siriri, takalminsa duk kashin shanu. Na ce, "Likita, da furfurata na koyi baƙi, kada ka rufe ni da Faransanci. Me ya sa nata bai warke ba?"

Ya ce, "Inna, a cikin jiki akwai masu gyara, kamar mai ɗinkin ƙwarya. In zafin rana ya fasa wani wuri, su ɗinke. Ana zaton ƙwayar cutar da ke kawo tsiron nan hannunsu take ɗaurewa, sai tsagar ta yi ta buɗewa. Yadda take yi, manyanmu ma ba su gama ganewa ba."

Ban taɓa jin mai farar riga ya ce bai sani ba. Nan na yarda da shi. Ya ce a cire idon, ko ta rayu. Bafillatanar ta rungume wuyan saniyar tana yi mata magana da Fillanci har aka gama, ba ta kau da kai ba. Ni na kau.

Da za mu taso na ga saniyar tana kiwo, tana juya kai gaba ɗaya ta nemi ciyawa. Mun iso gida washegari da la'asar. Darasina guda: kafin ka kira mahauci, nemi mai gyara. Cikin saniyar yana nan, maraƙin kuma da mai shi.