Jinin Kunnen Masifatu

A gidan binciken nan ba wanda ke tuna sunanta na yanka, Uwar Zomaye kowa ke ce mata, har 'yarta ta cikinta in tana son tsokana. Ta shigo aikin ne bayan ciwon dajin hanta ya ɗauke mijinta, wani bakanike da ya ƙare rayuwarsa yana shaƙar hayaƙin motoci. Aka ba ta ɗakin ƙarshe na ginin, mai kejin ƙarfe na zomaye jere har bango, aka ce ta share, ta ba da abinci, ta canja ruwa. Ta karɓa hannu bibbiyu, don lokacin ko kejin kura aka ba ta da ta shiga.

Ita kuwa mace ce mai tambaya kamar ɗan sanda. Ta addabi Dakta, shugabar ɗakin gwaji, har ta zaunar da ita ta yi mata bayani. A hantar mutum akwai wani sinadari, enzayim, mai aikin farfasa gubar hayaƙi. Wani lokaci garin gyara sai ya ɓata, ya mayar da gubar abin da ke haifar da daji. Ido ba ya ganinsa. Sai an yi wa zomo allurar ɗan kaɗan daga cikinsa, jinin zomon ya haɗa sojojin da za su cafke shi, waɗanda ake kira antibodi, sannan a yi amfani da su a gano inda yake. Matsalar ita ce enzayim ɗin yana da ɗan'uwa mai kama da shi sak, kuma duk antibodin da aka sayo sai ya kama su duka biyun.

Zomaye da yawa sun sha allura ba a dace ba. Cikin na ƙarshe akwai wata baƙar zomanya mai yagaggen kunne, wadda ta ciji kowa a ginin in ban da mai gadi, shi ma don bai taɓa shiga ba ne. Uwar Zomaye ta raɗa mata Masifatu. Tun suna 'yar tsama har suka saba, har ta kai in zomanyar ta ji takunta sai ta miƙe tsaye a jikin keji.

Ranar da aka gwada jinin Masifatu, layi ɗaya tal ya fito a jikin fim ɗin da ke nuna sakamakon gwajin, baƙi ƙirin, babu na ɗan'uwan. Ɗakin gwaji ya kaure da murna. Uwar Zomaye ta yi dariya tare da su, amma ta san ƙa'idar gidan: zomon da jininsa ya yi kyau, sai a sa masa maganin barci a zuƙe jinin duka lokaci guda, a ajiye a firiza.

Ta sami Dakta a ofis ta roƙi a riƙa ɗiba kaɗan-kaɗan daga jijiyar kunne, a bar dabbar da ranta. Dakta ba muguwa ba ce, amma ta yi shekaru tana jiran wannan jini. Ta ce dabbar da ke fizge-fizge jijiyarta kan ɓuya, in kuma ta mutu da tsoro ko ciwo an yi asarar komai.

“Gwaji ɗaya zan ba ki, Yaya,” in ji ta. “In ta ƙi tsayawa, kada ki ga laifina.”

Da safiyar ranar da aka sa, Uwar Zomaye ta naɗe Masifatu a tawul kamar jaririyar da aka fito da ita daga wanka, ta rungume ta a ƙirji, ta rufe mata ido da tafin hannu. Ta yi ta murza kunnen mai lafiya a hankali har ya yi ɗumi, jijiyar ta taso ja. Tana yi tana mata faɗa ƙasa-ƙasa, wai in ta kuskura ta motsa ba ita ba karas har abada. Allura ta shiga. Masifatu ta yi ajiyar zuciya kawai, jini ya gangara cikin kwalba har ta kai inda ake so.

Haka aka yi ta yi, wata bayan wata, har firiza ta cika. 'Yan kwalaben suka tafi gidajen bincike na ƙasashen da Uwar Zomaye ba ta iya faɗin sunayensu. Da Masifatu ta tsufa aka sallame ta, ta koma gidan uwar ɗakinta, inda ta cinye furannin 'yar gidan tas ta kuma ciji surukin da ya zo gaisuwa.

Dakta ta ba ta fim ɗin farko kyauta, tana jaddada cewa ba za ta iya rantsewa wannan enzayim ne ya kashe mijinta ba. Uwar Zomaye ta ce ta ji. Ta kai shi gida duk da haka, ta maƙala a gefen hoton marigayin. Ta daɗe tana kallon baƙin layin da hawaye, daɗi ya cika ta, Masifatu kuwa na gefe tana gaigayar igiyar takalminta.

“Ka gani, maigida,” ta ce. “Mun gan shi da idonmu, kuma ba mu kashe kowa ba.”